Kwalbar Gado na Huɗu

Shekara biyu da wata bakwai Auta ta yi tana yawo da takardunta kafin wani asibitin kuɗi ya ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin jini. Ta shiga intabiyu har ta daina ƙirgawa. Saboda haka ranar da takardar ɗaukar aiki ta zo, gidansu ya koma makaranta, kowa ya zama malami, har da waɗanda ba su taɓa aikin albashi ba. Umma ta ce ta riƙa gaida kowa, har mai shara. Kawu ya bugo waya ya ce kada ta kuskura ta shiga gulmar ofis. Amma wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Yaya, babban wanta, wanda ya shekara goma sha ɗaya a wani kamfanin roba ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

"Wata ukun farko na gwaji ne," in ji shi, yana kaɗa mata cokalin shayi. "Ki zama bango. Ki ji, ki gani, ki yi gum. Kada ki cika tambaya, sai su ce ba ki iya ba. In abu ya lalace kuma, kada ki yi saurin cewa ni ce. Baki shi ke yanka wuya."

"To Yaya, in ni ce ɗin fa?"

"In ke ce, bari su gano da kansu. Ke kin san mutum nawa ke bakin get suna jiran kujerar nan taki?"

Umma ta ce, "Kai dai ka cika tsorata yarinya." Amma ba ta ce ƙarya ya faɗa ba.

Ɗakin gwajin yana ƙasan bene, a ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Akwai dogon teburi na farin tayil, da na'urar juya jini mai gurnani in an kunna ta, da firjin ajiye ledojin jini wanda ke kuka in an bar ƙofarsa a buɗe. Mutum biyu ta tarar. Akwai Dogo, wanda ya riga ta da shekara huɗu, mai barkwanci, kullum da alawa a aljihun farar rigarsa. Sai kuma shugaban ɗakin, wani siririn dattijo mai tabarau, wanda duk asibitin ke kira Malam Sake a bayan idonsa, don komai ka kai masa sai ya duba ya ce, "Sake yi." Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Kallo ɗaya zai yi maka ta saman tabarau ka ji kamar ka fito ba wando.

Auta tana tsoronsa kamar mutuwarta. Kwana takwas ta yi tana bin maganar Yaya sau da ƙafa. In an nuna mata abu ta ce ta gane, ko da rabi ta gane. Abin da ya shige mata duhu sai ta faki idon Malam ta tambayi Dogo ƙasa-ƙasa, ko ta koma gida ta buɗe tsofaffin littattafanta.

A rana ta tara, Talata, aiki ya yi musu yawa. Wajen ƙarfe goma Malam Sake ya miƙo mata fam biyu ba tare da ya ɗago daga abin da yake rubutawa ba.

"Ɗakin mata, hawa na biyu. Gado na huɗu da gado na bakwai. Duk biyun gwajin rukunin jini ne. Ta huɗun jininta ya yi ƙasa, likita tana so a ƙara mata leda ɗaya yau kafin tiyatar gobe. Za ki iya ke kaɗai?"

Ba ta taɓa hawa ita kaɗai ba. Ta ce, "Zan iya, Malam."

Matar gado na huɗu matashiya ce, ba za ta girme wa Auta da yawa ba, ta yi fari fat, leɓenta duk ya bushe. Mijinta na zaune a gefe riƙe da kwanon abincin da ta ƙi ci. Jijiyarta ta ƙi samuwa. Auta ta soka sau ɗaya ba ta samu ba, ta sake, gumi na bin bayanta, mijin yana kallon hannunta. A karo na biyu jini ya zo a hankali, da ƙyar kwalbar ta kai rabi ya tsaya. Ta ce a ranta ya isa. Ta laluba aljihu ba biro, ta tuna ta baro shi a ƙasa. Dokar kuwa a fili take, tun a makaranta aka karanta musu ita: a rubuta sunan maras lafiya a jikin kwalba a nan bakin gadonsa, kafin a ɗaga ƙafa. Amma ta ji nauyin ta ce wa mijin ya ara mata biro bayan ta soki matarsa sau biyu. Ta ajiye kwalbar a hagun tire, ta ce ta huɗu hagu, ta bakwai dama, mene ne abin mantawa a nan?

Ta gado na bakwai kuwa wata dattijuwa ce mai ƙiba da surutu, jijiya raɗau, nan da nan kwalba ta cika. Auta na cire allura ke nan sai wata tsohuwa a gadon ƙarshe ta zame za ta faɗo. Nas ta ƙwala kira, "Ke, 'yar lab, kama mini!" Auta ta dire tiren a kan wata kujera ta ruga. Da suka mayar da tsohuwar, ta dawo ta tarar mai goge ƙasa ta ɗauke tiren ta ɗora a kan teburin nas. Ta ari biro a nan ta rubuta: ta hagu gado na huɗu, ta dama gado na bakwai. Ko a ranta ba ta kawo an juya tiren ba.

Ta sauko ta miƙa wa Dogo. Ya yi gwajinsa, ya ciro ledar da ta dace da kwalbar da aka rubuta wa gado na huɗu, Malam Sake ya duba takarda ya sa hannu. Sha biyu saura kwata nas ta aiko aka karɓi ledar.

Sha biyu da minti biyar Auta na jera kwalaben da aka gama da su za ta sa a firji, sai idonta ya sauka a kan guda biyun. Rubutunta ne a jiki. Mai sunan gado na huɗu a cike take, ɗan abin da Dogo ya ɗiba kawai ya ragu. Mai sunan gado na bakwai ko rabi ba ta kai ba.

Gabanta ya yanke ya faɗi. Ta ɗaga kwalaben ga hasken taga ta sake dubawa, ko Allah zai sa idonta ne. Ta tuna busasshen leɓen nan, da jinin da ke ɗiga a hankali ya tsaya a rabi. Babu wata tantama. Ta juya sunayen.

"Dogo," ta ce, "matan nan biyu na sama, rukuninsu ɗaya ne?"

"Ina fa. Ta huɗu A, ta bakwai O." Ya jefa alawa a baki. "Lafiya? Kin yi kamar kin ga fatalwa."

"Ba komai."

Ta ajiye kwalaben ta fita, ta shige banɗaki ta murza makulli. Ta san abin da hakan ke nufi, ta ci jarrabawa a kansa. Matar gado na huɗu O ce, jinin A aka kai mata. In ya shiga jikinta, jikin zai tashi ya yaƙe shi, ƙoda ta tsaya, mutum ya iya tafiya kafin la'asar. Ta dafa abin wanke hannu. Sai ga wata murya a kanta, mai sanyi, mai kama da hankali: wa ya gani? Dogo ne ya yi gwaji, Malam ne ya sa hannu, nas ce za ta ɗaura. Wataƙila ma ba za a sa jinin ba sai an jima, wani ya lura. Wataƙila ita ce ta ruɗe, kwalbar ta cika ba ta kula ba. Ta tuna shekara biyu da wata bakwai. Ta tuna yadda Umma ta bi maƙwabta gida-gida tana ba da labari. Ta ciro waya ta nemo lambar Yaya, amma ta riga ta san abin da zai ce.

Ta dubi agogon wayar. Sha biyu da minti goma sha ɗaya. Wato yanzu haka, a saman kanta, hawa biyu kacal, ana iya kasancewa an buɗe robar ƙarin jinin.

Ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofar ba. Ta tarar da Malam Sake ya duƙufa a kan madubin gwaji.

"Malam." Bai ɗago ba. "Malam, na juya kwalaben. Jinin da aka kai wa gado na huɗu ba nata ba ne."

Ya ɗago. Bai tambaye ta yaya aka yi ba, bai ce mata kin tabbata ba. Ya fizgi wayar tebur ya danna lambar ɗakin mata. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya jefar da kan wayar yana lilo, ya ce wa Dogo, "Ci gaba da kira," ya fita da gudu. Auta ba ta taɓa zaton dattijon nan yana iya gudu ba. Ta bi shi. Lif na can sama, suka kama matakala, yana tsallake biyu-biyu, takalminsa ɗaya ya fita bai waiwaya ba.

Ledar na rataye a jikin ƙarfe, jan layi ya sauko cikin robar har hannun matar. Malam Sake bai yi sallama ba, ya kai hannu ya matse robar ya rufe.

"Malam, lafiya?" in ji nas, ta taso daga gadon wata.

"Yaushe kika buɗe?"

"Ko minti biyar ba a yi ba."

"Kira likita. Ba jininta ba ne. Cire wannan, ki bar allurar, ki sa mata ruwa da sabuwar roba."

Matar ta riga ta fara. Tana rawar sanyi har gadon na motsi, haƙoranta na haɗuwa, tana cewa, "Bayana, wayyo bayana." Mijin ya miƙe tsaye, kwanon ya faɗi, yana tambayar kowa, "Me ya faru? Me kuka sa mata?" Likita ta shigo da sauri, aka ja labule, aka fitar da shi waje. Auta na manne da bango a bakin ƙofa, tana jin ana kiran sunayen allurai, ana faɗin awon jini yana sauka. Mijin ya juyo ya gan ta. Ya gane ta.

"Ke ce kika ɗebi jininta ɗazu. Don Allah 'yar'uwa, gaya mini, me ke faruwa?"

Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Likita za ta yi maka bayani," ta sunkuyar da kai, ta ji ƙyamar kanta.

Sai bayan kusan awa ɗaya Malam Sake ya fito, da safa a ƙafa ɗaya. Ya ce rawar sanyin ta lafa, abin da ya shiga kaɗan ne, amma ba a san komai ba tukuna. Ƙoda ake ji wa tsoro. Sai an ga yadda fitsarinta ya kasance yau da gobe. Ya sake ɗibar jinin matan biyu da hannunsa, suka sauko tare. A matakala ya tsinci takalminsa.

A ɗakin gwaji ya ba ta takarda da biro. "Rubuta duk abin da ya faru, daga hawanki har saukowarki. Kada ki gyara kanki, kada kuma ki ƙara wa kanki. Yadda ya faru."

Ta rubuta ta miƙa masa. Ya karanta a tsaye. Sannan ya dube ta ta saman tabarau.

"Ƙarfe nawa kika gane?"

Ga hanyar tsira a buɗe. In ta ce nan take ta zo, ba mai ƙaryata ta sai Dogo, shi kuwa ya juya baya yana ta goge teburin da ba shi da datti.

"Sha biyu da biyar," ta ce.

"Kika zo wurina da sha biyu da sha biyu. Ina kika je?"

"Banɗaki, Malam."

"Yin me?"

Hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka ɓalle. "Tsoro na ji."

Ya ce, "Nas ta buɗe robar nan wajen sha biyu da goma. Kin gane abin da nake nufi?"

Ta gane sarai. Da ta yi magana lokacin da ta gani, da ko ɗigo bai shiga ba.

"Ƙara shi a takardar," ya ce.

Kwana biyun da suka biyo baya Auta ba ta san yadda ta yi su ba. Abinci ya ƙi wucewa. Duk sanda wayar tebur ta yi ƙara sai ta tsaya cak da abin da ke hannunta har sai ta ji Dogo ya ce, "To, a aiko da shi." Ita ce aka sa ta riƙa karɓar fitsarin matar ana aunawa. Na farko ya zo ja-ja kamar ruwan tsatsa, kaɗan a gindin roba. Ta riƙe shi ta kasa motsi, sai da Dogo ya karɓa daga hannunta. A gida kuwa da ta faɗa, Umma ta dafe ƙirji tana salati, tana tambayar matar tana da 'ya'ya. Yaya ya tafa hannu.

"Da hannunki kika rubuta? Har da zaman banɗakin? Auta, kin ɗaure kanki kin miƙa musu igiyar. Ni me na gaya miki?"

"Da na yi shiru da ta mutu, Yaya."

"Ai ban ce ki bar ta ta mutu ba. Sai ki ce kina zargin an samu matsala a kwalaben. An samu. Ba sai kin ce ke ce ba."

Ba ta da ƙarfin gardama. Ta shige ɗaki, tana jin Umma na ce masa, "Kai ma ka san ba haka na rene ku ba."

Ranar Laraba da yamma fitsarin ya fara washewa. Ranar Alhamis da safe ya zo fes, da yawa. Dogo ya ɗaga robar sama kamar kofin gasar ƙwallo, ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa murnar ganin fitsarin wani haka ba. Auta ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna a kan kwalin safar hannu.

Ran nan da rana aka kira ta ofishin shugaban asibiti. Mutum huɗu ne a bayan teburi, takardarta a gabansu. Ta shiga da katin aikinta a hannu, don ta riga ta cire shi daga wuya. Aka yi mata tambayoyi ta amsa. Shugabar nas-nas ta ce ita a ganinta wadda ba ta cika sati biyu ba ta kusa kashe mutum, ba abin da za a jira. Sai Malam Sake ya nemi izinin magana.

"Laifinta biyu ne, kuma duk ta rubuta su da kanta," in ji shi. "Na uku nawa ne. Na tura 'yar kwana tara ita kaɗai, don ta ce za ta iya, ni kuma ina sauri. Na kuma sa hannu a kan leda da gwajin kwalba ɗaya. Ku rubuta wannan ma. Shekarata talatin a aikin nan, na ga an juya kwalba sau uku. Biyun farko a wurin binciken gawa muka gano, don ba wanda ya zo ya faɗa. In kun kore ta, duk wani sabon ma'aikaci a gidan nan ya koyi darasi, kuma ba darasin da kuke so ba ne."

Aka ce ta jira a waje. Minti ashirin ta yi a kan benci tana kallon ƙofa. Hukuncin da ya fito: takardar gargaɗi a fayil ɗinta, an mayar da watannin gwajinta shida, kuma ba za ta sake ɗibar jinin kowa ita kaɗai ba sai Malam ya yarda. Daga ranar kuma aka kafa doka, ba a ba da ledar jini sai an gwada kwalba biyu da aka ɗiba a lokuta dabam.

A baranda ta ce, "Malam, na gode."

"Kada ki gode mini. Da matar nan ta mutu, da ba abin da zan iya yi miki, ni ma da ƙyar in tsira." Ya tsaya ya gyara tabarau. "Abin da ba ki iya ba, ki ce ban iya ba, ni aikina ke nan in koya miki. In kin yi kuskure kuma, da gudu za ki zo. Ko zagi ne ki sha daga baya. Saura abu ɗaya. Likita ta yi wa mijin bayani, amma ya ce yana son ganin wadda ta yi."

Wannan hawan ya fi na ranar Talata wuya. Matar na zaune an jingina ta da filo, ta ɗan yi kyan gani. Auta ta durƙusa a gefen gadon ta faɗi abin da ta yi, ba ta ɓoye minti bakwai ɗin ba, ta roƙi gafara. Mijin ya dube ta.

"Na tambaye ki a bakin ƙofar can, kika ce likita za ta yi mini bayani."

"Haka ne."

"'Ya'yanmu uku. Ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba." Ya kau da kai. "Ni ban san me zan ce miki ba."

Matar ce ta yi magana, a hankali. "Na yafe miki, tunda Allah ya sa da sauran kwana. Amma don Allah kada ki sake taɓa ni. In na ga farar rigar nan taki gabana faɗuwa yake."

Auta ta ce to. Ta miƙe ta fita, Malam Sake na biye da ita.

An yi wa matar tiyatar bayan sati ɗaya, aka sallame ta ranar wata Asabar. Auta ba ta gan ta ba, Dogo ne ya gaya mata ranar Litinin, yana cire takalmi. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da wanke kwalabe. Yaya kuwa ya yi sati biyu yana fushi, ya ce shi dai ba ya so a ce ƙanwarsa ce mai takardar gargaɗi tun ba ta karɓi albashin fari ba. Daga baya ya sauko da kansa, har ya riƙa rage mata hanya da safe, amma zancen asibiti ba ya tayarwa, ita ma ba ta tayarwa.